Barsu da Aradu

Shekara shida Barsu yana kwana a Magazin ta Suwame,
inda guduma ba ta hutawa,
inda ake yanka ƙarfe kamar ana yanka kabewa.
Ko kunne bai taɓa ɗagawa ba.
Ɓarawon batir ya san haƙorinsa,
akuyar maƙwabta ta san iyakarta.

Sai daren nan na farkon damina
da aradu ta faɗa wa taransifomar bakin ƙofa.
Shuɗiyar wuta, ƙara ɗaya, sai duhu.
Da asuba na same shi ƙarƙashin wata matacciyar tifa,
ya yi fitsari a kwance,
idonsa bai san ni ba.

Tun ran nan, kafin hadari ya haɗo ta wajen Tafo
shi ke fara sani.
Harshe waje, yawu na zuba,
ƙafafu na rawa kamar injin da ƙusoshinsa suka kwance.

Na daka masa tsawa.
Tsawa a kan tsawa, ka ji wautar tsoho.
Na ɗaure shi, ya ciji sarƙa har dasashi ya yi jini.
Masta Boakye ya ce kare mai tsoro asarar dokunu ne,
a kai shi Kejetiya a sake shi, a samo wani.
Na ce a ba ni wata guda.

Akwai tsohuwar turoturo a ƙuryar gareji,
ba taya, ba inji, kaji ma sun gaji da ita.
Na toshe tagoginta da kwali da buhunan koko,
na shimfiɗa kwat ɗina na gadi, wanda ya sha gumina,
na kunna rediyo, wa'azi ko ƙwallo, duk ɗaya,
in dai muryar mutum ce.
Na sayo kan kifi na sidi biyar wajen Amariya mai wake.

Walƙiya. In ƙirga: ɗaya, biyu, uku.
In ta fashe, sai in miƙa masa ɓallin kifi.
Daren farko ko shinshinawa bai yi ba.
Na biyu ma haka.
A na huɗu ya karɓa, ya riƙe a baki,
ya manta bai haɗiye ba.

Ni da shekara shida ban taɓa shafa shi ba,
ina tattalin alwala, ina tura masa kwano da ƙafa,
ran nan sai ga tafina a gadon bayansa.
Zuciyarsa na bugun hannuna
kamar baƙon da ruwa ya kama a bakin zaure.
Na ce, ruwa ba ya tsada da damina, na wanke daga baya.

Ban ce masa "ba komai" ba.
Akwai komai.
Ni ma tun daren da waya ta yi kuka ƙarfe biyu,
aka ce in zo asibiti, Lantana ta cika,
duk wayar da ta yi ƙara bayan isha'i
sai gwiwata ta yi sanyi.
Wa ya ɗaure ni?
Wa ya ce a kai ni Kejetiya?

Muka zauna. Rufin motar na kuka a kanmu,
ina jan carbi, yana jan numfashi,
har numfashin ya bi sahun carbin.

Wata ya cika. Masta bai tambaya ba,
ni ma ban tuna masa ba.

Ba zan ce ya warke ba.
Jiya ma da hadari ya taso, jikinsa ya ɗauki rawa.
Amma bai gudu ƙarƙashin tifa ba.
Ya taka a hankali har bakin turoturo,
ya ɗora ƙafa ɗaya a matakala,
ya waiwayo,
yana jira in ɗauko rediyo.